Wa Ake Tsoro? Fashin Baƙi Kan Takardun da Suka Kafa Amurka

Ranar 12 ga Satumban 1787, saura kwana biyar a rattaba hannu kan kundin tsarin mulkin Amurka, wani dattijo daga jihar Virginia mai suna George Mason ya miƙe a zauren taro na Filadelfiya ya ce akwai abin da aka bari a baya. Wakilai sun kusa wata huɗu suna zama a ɗaki ɗaya, tagogi a rufe duk da zafin bazara don kada magana ta fita. An kai ruwa rana kan rabon kujerun majalisa da wa'adin shugaban ƙasa, amma babu wani sashe da ya jera haƙƙoƙin ɗan ƙasa. Mason ya ce aikin ba shi da wuya, in aka duba irin waɗanda jihohi suka riga suka rubuta wa kansu, cikin 'yan sa'o'i za a gama. Ya san abin da yake faɗa, don shi ne ya rubuta na Virginia a 1776. Elbridge Gerry na Massachusetts ya gabatar da ƙudurin a kafa kwamiti, Mason ya mara masa baya.

Sai Roger Sherman na Connecticut, mutumin da ya fara rayuwa da ɗinkin takalma, ya tashi ya ce haƙƙoƙin da ke cikin kundin jihohi suna nan daram, babu wanda ya soke su, kuma sun wadatar. Aka kaɗa ƙuri'a jiha-jiha. Ko jiha ɗaya ba ta ce e ba.

Abin da ke ɗaure kai shi ne, shekara 11 kafin wannan rana, Sherman na cikin mutum biyar da aka ɗora wa rubuta Sanarwar 'Yancin Kai, wadda aka amince da ita a wannan ginin dai, wadda kuma ta shaida wa duniya cewa kowane mutum yana da haƙƙoƙin da ba mai ikon ƙwace masa. To, tuba suka yi daga maganarsu ta farko? Ni a ganina aƙidarsu ba ta sauya ba. Wanda suke tsoro ne ya sauya. Tsakanin 1776 da 1791 Amurkawa sun rubuta manyan takardu huɗu, kuma in ka ɗauki kowacce ka tambaye ta wa take gudu, za ka fahimci dalilin da ya sa ta ba gwamnati ƙarfi ko ta hana ta, da dalilin da ya sa ta ambaci haƙƙi ko ta yi shiru.

Ta farko, wato sanarwar 4 ga Yulin 1776, Sarki George na Uku take gudu. Mutane sun fi haddace 'yan layukanta na sama, inda Thomas Jefferson, yana ɗan shekara 33, ya rubuta cewa an halicci mutane daidai wa daida, Mahalicci ya ba su haƙƙin rayuwa da 'yanci da neman jin daɗi, kuma don kare waɗannan ake kafa gwamnati, ikonta kuwa daga yardar waɗanda ake mulka yake fitowa. Duk ranar da ta juya ta zama mai cin waɗannan haƙƙoƙi, jama'a na da ikon sauya ta ko su rushe ta. Amma kaso mafi tsoka na takardar ƙorafi ne, guda 27, irin wanda mai ƙara ke zayyanawa a gaban alƙali: ya ɗora mana haraji ba da yardarmu ba, ya jibge mana sojoji a garuruwa lokacin da ba a yaƙi, ya mayar da alƙalai 'yan amshin shatansa ta hanyar riƙe albashinsu da kujerunsu, ya hana mu shari'a a gaban mutanen gari masu taimaka wa alƙali, ya kwashi mutanenmu zuwa ƙetaren teku don a yi musu shari'a a can. Takardar raba gari ce. Ta faɗi dalilin rabuwa, ba ta faɗi yadda za a zauna bayan an rabu ba. Babu majalisa a cikinta, babu kotu, babu inda mutum zai kai kuka in an take masa haƙƙin da ta ce yana da shi. Har yau ba doka ba ce, ba a cin shari'a da ita.

Ba a kuma wuce maganar "daidai wa daida" ba tare da an tsaya ba. Jefferson da ya rubuta ta ya mallaki bayi sama da 600 a tsawon rayuwarsa. A daftarinsa na farko ya sa wani sakin layi da ke zargin sarki da cinikin bayi daga Afirka, majalisar wakilan jihohin da ta amince da sanarwar ta goge shi, kuma shi da kansa ya rubuta daga baya cewa don a faranta wa South Carolina da Georgia rai aka yi haka, tare da wasu 'yan arewa da jiragensu ke dakon bayin. 'Yan asalin ƙasar kuwa, sau ɗaya aka ambace su, shi ma da zagi. Sai dai maganar da aka riga aka furta ba ta komawa ciki. Matan da suka taru a Seneca Falls a 1848 salonta suka ara suka nemi nasu haƙƙin, kuma da Shugaba Abraham Lincoln ya tsaya a Gettysburg a 1863 yana ƙirga shekarun ƙasar, 87 ya ce, wato daga 1776 ya fara lissafi, ya tsallake 1787.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan shi ne labarin takarda ta biyu, Yarjejeniyar Ƙawancen Jihohi, wadda John Dickinson ya tsara daftarinta, majalisa ta amince da ita a Nuwamban 1777, amma ba ta fara aiki ba sai 1 ga Maris na 1781, saboda Maryland ta ƙi sa hannu har sai manyan jihohi sun saki filayen yamma da suke iƙirarin nasu ne. Mutanen da ke yaƙi da wata gwamnati mai nisa a Landan ba su ga dalilin gina wata irinta a gida ba. Saboda haka sashe na biyu ya faɗa ba kwana-kwana: kowace jiha tana riƙe da mulkinta da 'yancinta, da duk wani ikon da ba a miƙa wa majalisar ƙasa ƙarara ba. A riƙe wannan kalma ta "ƙarara", za mu dawo kanta.

Babu shugaban ƙasa mai zartarwa, babu tsarin kotunan ƙasa, majalisa ɗaya ce tal, kowace jiha da ƙuri'a ɗaya komai girmanta. Manyan al'amura sai jihohi 9 cikin 13 sun yarda, gyaran yarjejeniyar kanta kuwa sai duka 13. Majalisar na iya shelanta yaƙi, ta ci bashi, ta ƙulla yarjejeniya da ƙasashen waje, amma ba ta da ikon karɓar ko sisi daga hannun ɗan ƙasa. Sai dai ta aika wa jihohi takardar roƙo, wanda ya ga dama ya bayar. A 1781 aka nemi a ba ta izinin karɓar kuɗin fito kashi 5 cikin 100 kan kayan da ake shigowa da su don ta biya bashin yaƙi. Kusan kowa ya yarda, Rhode Island, mafi ƙanƙantar jiha, ta hau kujerar na-ƙi. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Da aka sake gwadawa, New York ce ta kashe maganar. A Yunin 1783 sojojin da ba a biya su albashi ba suka kewaye zauren majalisar a Filadelfiya, hukumomin Pennsylvania suka ƙi fito da dakarunsu, 'yan majalisar ƙasa suka tattara komatsansu suka gudu Princeton.

Game da haƙƙin ɗan ƙasa, wannan yarjejeniya kusan shiru ta yi, ban da 'yancin zirga-zirga da fatauci tsakanin jihohi. Shirun kuma yana da ma'ana: gwamnatin da hannunta bai kai wuyan kowa ba, me za a ce kada ta yi? Haƙƙoƙi aikin jihohi ne, kuma jihohi da dama sun rubuta nasu.

Nan fa gizo yake saƙar. Jihohin da aka damƙa wa amanar haƙƙoƙi su ne suka fara ba wasu tsoro. A 1786 majalisar Rhode Island ta buga kuɗin takarda mai yawa, ta kafa dokar cewa dole kowa ya karɓa a kan darajar da aka rubuta a jiki, wanda ya ƙi a ci shi tara ba tare da shari'ar masu taimaka wa alƙali ba. Wani mahauci a garin Newport, John Weeden, ya ƙi sayar da nama da wannan kuɗi, aka maka shi a kotu. Alƙalan suka ƙi hukunta shi. Majalisa ta kira su ta titsiye su, kuma da wa'adinsu ya cika yawancinsu ba a sake naɗa su ba. Ga majalisar da jama'a suka zaɓa da hannunsu tana yi wa alƙalai abin da aka zargi sarki da shi shekara goma kacal da suka wuce.

A Massachusetts kuma akasin haka aka yi. Gwamnatin jihar ta matsa lamba a biya haraji da tsabar kuɗi don ta sauke bashin yaƙi. Manoman yammacin jihar, da yawansu tsoffin sojoji, an sallame su ne da takardun alkawarin biya waɗanda talauci ya sa suka sayar da arha ga masu kuɗi, yanzu kuma ana karɓar haraji a hannunsu don a biya waɗannan masu kuɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Aka fara ƙwace gonaki, manoma suka rufe kotuna da ƙarfi, wani tsohon kyaftin mai suna Daniel Shays ya shige gaba, har a Janairun 1787 suka tunkari rumbun makamai na Springfield. Gwamnatin ƙasa ba ta da sojan da za ta aika. Attajiran Boston ne suka yi karo-karo aka ɗauki rundunar da ta murƙushe boren.

James Madison, wanda ya fi kowa shirya wa taron Filadelfiya, ya zauna a farkon 1787 ya rubuta wa kansa jerin cututtukan tsarin. Raunin majalisar ƙasa na ciki, amma abin da ya fi damunsa dokokin jihohi ne: sun yi yawa, suna sauyawa kullum, kuma akwai zalunci a cikinsu. Ya kai ga matsayar da ta saɓa wa abin da kowa ya saba ji a zamanin. A jamhuriya, in ji shi, haɗarin ba daga sarki yake zuwa ba, daga masu rinjaye yake zuwa, kuma ƙaramar jiha ta fi sauƙin faɗawa hannun gungu ɗaya fiye da ƙasa mai faɗi da bukatu masu karo da juna. Ya kamata dai mai karatu ya tambaya su wane ne marasa rinjayen da yake tausaya wa. Akwai ƙananan ɗariƙun Kirista irin su Baptis da ya ga ana ɗaurewa a Virginia saboda wa'azi, wannan gaskiya ne. Akwai kuma masu bin bashi da masu dukiya, kuma manomin da aka ƙwace wa gona a Massachusetts ba zai yarda cewa su ne abin tausayi ba.

Takarda ta uku ke nan, kundin 1787, wadda ke gudun abu biyu a lokaci guda: gwamnatin da ba ta iya komai, da jihohin da ke yin abin da suka ga dama. Wakilai 55 ne suka halarta a lokuta daban-daban, Rhode Island ba ta turo kowa ba, George Washington ya shugabanci zaman. An aiko su ne su yi wa tsohuwar yarjejeniya kwaskwarima, suka ajiye ta gefe suka ɗinka sabuwa. Babban bambancin shi ne hannun sabuwar gwamnati ya tsallake jihohi ya kai kan mutum kai tsaye. Tana karɓar haraji, tana tara soja, tana tsara ciniki tsakanin jihohi da ƙasashen waje, tana da kotunanta. Bayan an jera ikon majalisa a sashe na farko, sai aka rufe da cewa tana iya yin duk dokar da ta zama dole kuma ta dace don aiwatar da su. Sashe na shida ya ce kundin da dokokin tarayya su ne a sama, alƙalin kowace jiha dole ya bi. Aka kuma ɗaure hannun jihohi: ba buga kuɗi, ba dokar da za ta warware yarjejeniyar bashi tsakanin mutane. Kai ka ce Rhode Island aka ajiye a gaba ana rubutawa. Madison ya so ma a ba majalisar tarayya ikon soke duk dokar jiha da ba ta yi mata ba, aka kayar da shi, ya bar taron da ɗacin wannan.

To ina kariyar talaka daga wannan sabon ƙarfi? Amsarsu ita ce a gini take, ba a jerin alkawura ba. An raba iko uku, majalisa biyu suna tsaron juna, shugaba na iya ƙin sa hannu, majalisa na iya tsige shi, alƙalai na zaune muddin ba su yi abin kunya ba kuma ba a rage musu albashi. A maƙala ta 51 cikin 85 da Alexander Hamilton da Madison da John Jay suka buga a jaridun New York da sunan aro na Publius, Madison ya ce da mutane mala'iku ne da ba a bukaci gwamnati ba, don haka sai a sa burin wannan ya tare burin wancan. Ba a dogara da kirkin mai mulki ba, an dogara da kishin da yake yi da abokin mulkinsa.

Duk da haka kundin bai rasa 'yan haƙƙoƙi a warwatse ba. Ba a dakatar da haƙƙin wanda aka tsare na a kai shi gaban alƙali sai lokacin tawaye ko mamaya. Ba a yin dokar da za ta koma baya ta hukunta abin da ba laifi ba ne ranar da aka yi shi. Cin amanar ƙasa, laifin da sarakunan Ingila suka saba rataya wa abokan hamayya, an taƙaita ma'anarsa, kuma sai da shaidu biyu ko mutum ya amsa da bakinsa a kotu. Sannan ba a gindaya sharaɗin addini ga mai neman muƙamin tarayya. Wannan na ƙarshe ya tayar da ƙura. A taron da North Carolina ta yi a 1788 don duba ko za ta amince da kundin, wasu wakilai sun yi ƙorafin cewa ta wannan ƙofa wata rana ɗan Katolika ko Musulmi na iya hawa kujerar shugaban ƙasa, James Iredell ya amsa musu cewa ba yadda za a yi a ce ana son 'yancin addini kuma a ware wasu. Suna wannan muhawara kamar Musulmi wani baƙo ne na nesa, alhali akwai Musulmin Afirka ta Yamma cikin bayin da ke noma a gonakin ƙasar.

Su kuwa bayin, kundin ya yi magana a kansu sau uku ba tare da ya kira sunan bauta ba ko sau ɗaya. Wajen rabon kujerun majalisar wakilai, ana ƙirga kashi uku cikin biyar na adadinsu, abin da ya ƙara wa iyayen gijinsu nauyi a siyasa. An hana majalisa taɓa cinikin bayi daga waje kafin 1808. Wanda kuma ya tsere zuwa jihar da ba a bauta, dole a mayar da shi. Ƙidayar 1790 ta sami bayi kusan 700,000 cikin mutum miliyan 3.9. Ga su, ƙarfin da aka ƙara wa gwamnati ƙarin sarƙa ne. Wani abin lura kuma, a wannan bazarar dai, tsohuwar majalisar da ake yi wa kallon gurguwa ta zartar da dokar yankin arewa maso yamma a Yulin 1787, wadda ta haramta bauta a can, ta kuma jera 'yancin addini da na shari'a a fili, ko da yake ita ma ta yarda a mayar da bawan da ya tsere.

Mutum 39 suka sa hannu ranar 17 ga Satumba. Mason da Gerry da Edmund Randolph suka ƙi. Da aka kai kundin jihohi, rashin jerin haƙƙoƙin nan ya zama sandar da masu adawa suka fi duka da ita. A taron Virginia, Patrick Henry ya tambaya wa ya ba mutanen Filadelfiya izinin cewa "Mu jama'a" maimakon "Mu jihohi". (Ɗan Najeriya ba zai ji wannan tambaya baƙuwa ba. Tun 1979 aka aro tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka, kuma har gobe ana muhawara kan "Mu jama'a" da ke buɗe kundin 1999, wanda gwamnatin soja ta fitar da dokar soja.) Kan rashin jerin haƙƙoƙin kuwa, Hamilton ya mayar da martani a maƙala ta 84 da hujjar da ba ta rasa kaifi ba. Wannan gwamnati, in ji shi, abin da aka lissafa mata kawai take da iko a kai. Don me za a ce kada ta taɓa 'yancin jarida alhali ba a ba ta ikon taɓawa ba? In ka rubuta haka, ka ba mai son wuce gona da iri hujjar cewa duk abin da ba a hana ba an halatta. Masu adawa suka ce to in haka ne, me ya sa kuka rubuta 'yan haƙƙoƙin da kuka rubuta? Kuma wa zai iya nuna iyakar "dole kuma ta dace"? A nan, a ganina, masu adawa ne suka fi gaskiya, kuma ƙuri'u sun nuna jama'a sun ji su. Massachusetts ta amince da 187 da 168, Virginia 89 da 79, New York 30 da 27, kuma duk ukun sai da suka haɗa da jerin gyare-gyaren da suke so a yi. North Carolina da Rhode Island suka tsaya a waje har sabuwar gwamnati ta fara aiki.

Madison bai yi imani da jerin haƙƙoƙi ba da farko. Ya rubuta wa Jefferson, wanda ke jakadanci a Faransa, cewa irin waɗannan shingayen takarda ne, ya ga yadda masu rinjaye a Virginia ke tsallake su duk lokacin da suka so. Jefferson ya dage cewa haƙƙin jama'a ne a kan kowace gwamnati a doron ƙasa, ya kuma ƙara da wata hujjar da ta fi tasiri daga baya: rubutaccen haƙƙi makami ne a hannun alƙali. Siyasa ma ta yi nata aikin. Madison ya fafata da James Monroe wajen neman kujerar majalisar wakilai, sai da ya yi wa masu zaɓe alkawarin gyara kafin ya ci. Ya kuma lura cewa in bai ba da haƙƙoƙi ba, masu adawa za su nemi a sake taro su rage ikon haraji, wanda shi ne ainihin abin da manyansu ke hari. Ranar 8 ga Yunin 1789 ya gabatar da daftarinsa na gyare-gyaren kundin. Majalisar wakilai ta fitar da gyara 17, ta dattawa ta mayar da su 12, jihohi suka tabbatar da 10 ranar 15 ga Disamban 1791. Connecticut ta su Sherman, da Massachusetts da Georgia, ba su aika da tasu amincewar ba sai 1939, don biki kawai.

Wannan ita ce takarda ta huɗu, kuma tsoronta sabuwar gwamnatin tarayya ce. In ka jera ta da ƙorafe-ƙorafen 1776 za ka ga kamar amsa ce ake bayarwa ɗaya bayan ɗaya: ba a sauke soja a gidan mutum ba da yardarsa ba lokacin zaman lafiya, ba a binciken gida sai da takardar izini mai dalili, shari'a a yankin da aka yi laifi, ba a tilasta wa mutum ya ba da shaida a kan kansa, ba beli mai tsauri, ba azaba. Gyara na tara amsar Hamilton ce, ya ce lissafa wasu haƙƙoƙi ba ya nufin babu sauran. Na goma kuwa ya yi kama da sashe na biyu na tsohuwar yarjejeniya kamar an tsaga kara: duk ikon da ba a miƙa wa tarayya ba, na jihohi ne ko na jama'a. Kalma ɗaya ce ta ɓace, "ƙarara". Ba mantuwa ba ce. An nemi a sa ta a zauren majalisa, Madison ya ƙi, ya ce ba gwamnatin da za ta iya aiki in an ce sai abin da aka ambata da suna. A 1819, da jihar Maryland ta ɗora wa bankin tarayya haraji, tana cewa ai kundin bai ambaci banki ba, Alƙalin Alƙalai John Marshall ya nuna wannan gurbin da kalmar ta bari, ya yanke hukunci tarayya ta yi nasara.

Akwai kuma gyaran da ya mutu a hanya, wanda ba kasafai ake tunawa da shi ba. Madison ya rubuta cewa kada wata jiha ta take 'yancin addini, ko na jarida, ko shari'ar masu taimaka wa alƙali a manyan laifuka, ya kuma shaida wa majalisa cewa wannan ya fi duk sauran daraja a wurinsa. Majalisar dattawa, wadda majalisun jihohi ke zaɓen 'ya'yanta a lokacin, ta cire shi. Gyara na farko kuwa ya fara ne da "Majalisar tarayya ba za ta yi doka ba". Jihohi ba a ce musu komai ba. Massachusetts ta ci gaba da tallafa wa coci da kuɗin haraji har 1833, jihohin kudu kuma daga baya suka haramta rubuce-rubucen masu yaƙi da bauta, ba wanda ya karya kundin.

Ba a daɗe ba aka gwada duka biyun, ƙarfin da shingen. A 1794 manoman yammacin Pennsylvania suka yi bore kan harajin barasa, Shugaba Washington ya tara dakaru kusan 13,000, boren ya watse kafin su isa. Abin da ya gagara a zamanin Shays ya zama aikin 'yan makonni. Shingen kuwa bai yi irin wannan ƙwazo ba. A 1798, shekara bakwai kacal bayan an rubuta cewa ba za a tauye 'yancin magana da na jarida ba, majalisa ta yi dokar hukunta masu ɓata sunan gwamnati. Matthew Lyon, ɗan majalisar wakilai daga Vermont, ya soki Shugaba John Adams a rubuce, aka ɗaure shi wata huɗu da tarar dala 1,000. Ba kotu ce ta cece shi ba. Mutanen mazaɓarsa ne suka sake zaɓensa yana cikin kurkuku, zaɓen 1800 kuma ya kawar da jam'iyyar da ta yi dokar.

Sai shari'ar John Barron, mai wata matsayar jiragen ruwa a Baltimore. Hukumar birnin ta karkatar da magudanan ruwa wajen gyaran tituna, yashi da laka suka taru a gaban matsayarsa har manyan jirage suka daina iya tsayawa. Ya ce an lalata masa dukiya don amfanin jama'a ba tare da diyya ba, abin da gyara na biyar ya hana. A 1833 Kotun Ƙoli, da bakin Marshall ɗin dai, ta ce gyare-gyaren goma tarayya kaɗai suka ɗaure, ba ruwansu da jiha ko birni. Barron ya tashi a tutar babu.

Kalmomin da Madison ya so, "kada wata jiha", sun shiga kundin ne a 1868 cikin gyara na 14, bayan yaƙin basasar da ya ci rayuka sama da 600,000 ya kuma kawo ƙarshen bauta. A wannan karon gwamnatin tarayya aka ɗora wa aikin kare mutum daga jiharsa. Ko bayan haka kotuna sun ja ƙafa fiye da shekara 50. Sai a 1925, a shari'ar wani ɗan gurguzu mai suna Benjamin Gitlow da jihar New York ta ɗaure saboda wata takardar da ya wallafa, Kotun Ƙoli ta ɗauka cewa 'yancin magana ya ɗaure jihohi su ma. Gitlow kansa bai ci moriyar wannan ba, don a wannan hukuncin dai kotun ta tabbatar da ɗaurin da aka yi masa.